Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye: ku zo ku ga ajin rawar nan kafin ku rufe shi

Assalamu alaikum iyayena kuma shugabannina, ranku ya daɗe.

Da farko ku yi min afuwa da na fito da maganar nan bainar jama'a, na kai ta ofis har sau biyu an ce min za a duba, to zangon karatu ya kusa ƙarewa kuma na ji an sa batun rufe ajin rawa a zaman da za ku yi, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda kowa zai karanta, don na san ba makarantarmu kaɗai ake wannan muhawarar ba. Ni malamin rawa ne. Shekara 8 ke nan ina koya wa yaran firamare da na ƙaramar sakandare rawar hip-hop bayan an tashi daga makaranta, a cikin shirin nan na fasaha da ya haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo. Kuma a shekarun nan na lura da abu ɗaya, duk ranar da kuɗi suka yi ƙaranci ko wani uba ya shigo ofis ransa a ɓace, ajinmu ne na farko da ake ɗora wa biro, alhali a cikin masu ɗora biron da wuya ka sami wanda ya taɓa zama a ajin ko na minti 10.

Na san abin da ke ranku in an ce hip-hop, kuma wallahi ban ga laifinku ba. Ni ma uba ne, ni ma na taɓa karɓe waya daga hannun 'yata saboda wani bidiyo da na ga tana kallo, waƙa cike da batsa da zagi da ɗaga kwalba da watsa kuɗi, mata kuma an mayar da su kayan ado. Idan wannan ne kuke zaton ana yi a zauren makaranta da la'asar to ai dole hankalinku ya tashi, ni da kaina zan sa hannu a takardar rufe ajin. Amma ku ba ni dama in gaya muku daga ina rawar ta fito, don a cikin asalinta akwai amsar wannan tsoron naku.

Ranar 11 ga Agusta 1973, a wani gidan bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx a birnin New York, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya ɗan biki a ɗakin taron gidan, dalilinta kuwa tana son ta tara kuɗin da za ta sayi kayan sawa na komawa makaranta. Yayanta Clive, wanda aka haifa a Jamaika kuma duniya ta sani da DJ Kool Herc, shi ya sa kiɗa a ranar. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai wani ɗan gurbi da ke cikin faifai, inda mawaƙi ke yin shiru sauran kayan kiɗa su ja baya a bar ganguna kawai suna tashi, gurbin da bai fi 'yan daƙiƙu ba. Sai ya riƙa sayen faifai iri ɗaya guda biyu yana ɗora su a kan injin juya faifai biyu, wannan gurbin na ƙarewa a ɗaya sai ya tayar da shi a ɗayan, ya mayar da daƙiƙu suka zama mintoci. Yaran da ke jiran wannan gurbin su faɗa fili su ne 'yan birekin na farko, wato salon rawar hip-hop da ake sauka ƙasa ana juyi a kan hannu. To ku duba fa, rawar nan tun ran gini an gina ta ne a kan wurin da mawaƙi ya rufe bakinsa. Har yau mafi yawan abin da nake sakawa a aji ganga ce zalla babu kalma ko ɗaya, wanda ke da kalmomi kuma sai na zauna na saurare shi daga farko har ƙarshe kafin ya shiga sifikar makaranta.

Akwai wani ɓangaren tarihin da ya shafe ku kai tsaye. A 1975 birnin New York ya kusa tsiyacewa, aka sallami dubban malamai, kuma malaman kiɗa da zane suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Bronx a lokacin gidaje ne ke ta ƙonewa, masu hali sun tashi sun bar talakawa, baƙaƙen fata da 'yan asalin Puerto Rico. Yaran da makaranta ta daina ba su fasaha ba su zauna sun naɗe hannu ba, kwali suka riƙa shimfiɗawa a bakin titi da guntun ledar ƙasa suna koya wa junansu, ƙungiyar masu rawa ta Rock Steady ma a 1977 aka kafa ta a wannan unguwar. A can ɗaya gefen Amurka kuma Don Campbell ya fito da salon rawar da ake kira lokin a Los Angeles, Boogaloo Sam ya fito da na popin a Fresno, duk a tsakanin matasan da ba wanda ya biya musu kuɗin makarantar rawa. Abin burgewa ne, amma kada daɗin labarin ya rufe mana ido, yaran nan sun koya ne a kan siminti ba babba a kansu, a unguwar da 'yan daba ke yawo. Mu yanzu muna da zaure muna da malami muna da ƙofa da ake rufewa da buɗewa, sai kuma mu ce mu mayar da yaran inda aka fara?

Don maganar gaskiya ita ce in kun rufe ajin ba ku hana yaran rawa ba. Rawar tana cikin wayar yayansu, tana TikTok tana YouTube, za su koye ta a lungu da bayan aji da tsakar ɗaki in kun fita, sai dai za su koye ta tare da duk ƙazantar da ke manne da ita kuma ba mai ce musu wannan waƙar ba ta dace ba, ba mai ce musu kada ka ɗora nauyinka a wuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Awannin nan da ke tsakanin tashi daga makaranta da dawowar iyaye daga aiki su ne tsagar, duk wanda ya yi renon yaro ya san haka.

Bari in shigar da ku ajin ku gani. Yara na shigowa abu na farko tsintsiya, su suke share filin da kansu saboda ɗan tsakuwa ɗaya ya isa ya yanka tafin hannu, sannan kowa ya ɗaure igiyar takalminsa ya cire agogo da duk wani abu mai kaifi daga aljihu. Minti 10 na farko ɗumama jiki ne, wuyan hannu da kafaɗa da gwiwa da idon sawu, ba na tsallake wannan ko da mun makara. Daga nan sai ƙirga. Rawar gaba ɗayanta a kan takwas take tafiya, ɗaya biyu uku huɗu biyar shida bakwai takwas a koma, yaro zai koyi ya ji inda ɗaya take a cikin kiɗa, ya raba takwas gida biyu ya raba ta gida huɗu, ya san cewa in ya yi taku biyu a bugu ɗaya sauri ya ninka. Wata malamar lissafi ta taɓa tsayawa a bakin ƙofa tana kallo, da muka tashi ta ce min yaron can da ke ƙirga wa 'yan uwansa rabi da kwata da ƙafarsa shi ne wanda ta yi mako biyu tana fama da shi a kan allo. Ban ce rawa za ta maye gurbin darasin lissafi ba, amma akwai yaran da sai abu ya bi ta jikinsu yake isa kansu.

Bayan ƙirga sai takun tsaye wanda ake kira tofrok, sannan a sauka ƙasa a koyi taku shida, wato ka dafa ƙasa da hannu ƙafafunka su zagaye jikinka cikin taku shida su dawo inda suka fara. Da baki abu ne mai sauƙi, amma yaro ɗan shekara 9 zai yi sati uku ƙafar hagu na harɗewa da ta dama, ya faɗi zaune ya tashi ya sake, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan katako. Sai firiz, inda ake tsayawa cak kamar an ɗauki hoto, na farkon da muke koyarwa shi ne ka kafa gwiwar hannu a gefen ciki ka kwantar da gefen kai a hankali a kan katifa ka ɗaga ƙafafu, daƙiƙa uku kawai ake nema. Ranar da yaro ya riƙe daƙiƙa ukun nan ba ya buƙatar in ce masa ya yi ƙoƙari, jikinsa ya riga ya gaya masa, kuma ya san ba wanda ya ba shi satar amsa.

Minti 15 na ƙarshe su ne zuciyar ajin, kuma su nake so ku gani da idonku fiye da komai. Muna yin da'ira, masu rawa suna ce mata saifa. Kowa ya tsaya kafaɗa da kafaɗa ana tafi a kan kiɗa, mutum ɗaya ne ke shiga tsakiya a lokaci guda, ya yi abin da ya iya na 'yan daƙiƙu ya fito wani ya shiga. Dokokinta kaɗan ne kuma yaran sun haddace su, ba a katse wanda ke ciki, ba a yi wa wanda ya faɗi dariya, ba a taɓa jikin kowa, kuma duk wanda ya fito sai an tafa masa ko da taku biyu ya yi. Ba a tilasta wa kowa shiga. Ko a gasa, inda biyu ke fuskantar juna kowa na nuna ya fi, hannu ba ya taɓa abokin karawa, in an gama a yi musabaha. Ku gaya min a ina kuma a cikin yinin makaranta yaro mai zafin rai ke samun wurin da zai fito da duk zafin nan a gaban wanda suke takun saƙa, ba tare da ya ɗaga masa hannu ba, kuma a ƙarshe ya miƙa masa hannu?

Akwai wani yaro da ba zan manta ba, ba zan faɗi sunansa ba don ba ni da izini. Yana da in'ina mai tsanani, a aji a can baya yake zama kuma malamai sun daina kiran sunansa don tausayi, 'yan ajin kuma in ya buɗe baki sai su riga shi ƙarasa kalmar. Mahaifiyarsa ta sa shi a ajina ne kawai don ba ta tashi aiki da wuri. Sati shida yana tsayawa a gefen da'ira hannayensa cikin aljihu, ko tafin ba ya yi, ni kuma ban matsa masa ba, sai dai na lura in kowa ya tafi yana jiran a zo ɗaukarsa yakan je bayan ƙofa yana gwada takun shi kaɗai. A sati na bakwai aka sami ɗan shiru a da'ira ba wanda ya shiga, kawai sai na ga ya cire hannu daga aljihu ya taka tsakiya, ya yi takun tsaye ya sauka ya zagaya taku shida sau biyu tsaf ba harɗewa, ya ƙare da firiz ƙafarsa ɗaya na rawa amma ya riƙe. Ihun da yaran nan suka yi sai da mai gadi ya leƙo. Ya tashi bai ce komai ba ya koma wurinsa, amma kunnuwansa har wani motsi suke don murmushin da yake ɓoyewa. In'inarsa ba ta warke ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ya canza shi ne daga ranar yara suka riƙa zuwa wurinsa ya nuna musu taku shida, kuma in yana musu bayani suna tsayawa su jira ya gama kalmarsa.

Ga kuma maganar lafiya wadda ba sai na daɗe a kanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai a kowace rana, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na yara 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun haka, a mata ma abin ya kai kashi 85. Ba kowane yaro ne ke son ƙwallo ba, wani in an raba tim shi ake bari a ƙarshe kullum har ya tsani filin, amma a rawa ba benci ba ɗan canji, kowa na motsi daga farko har ƙarshe.

Batun 'yan mata kuwa na san shi ne ya fi tsaya wa wasu iyaye a rai, kuma ina girmama hakan. Ku sani kayan wannan rawar wando ne mai faɗi da riga mai yalwa da takalmi, saboda wanda zai dafa ƙasa ya juya ba zai iya da matsattsun kaya ba, ina da ɗalibai da ke rawa da kansu a rufe kuma bai hana su komai ba. In iyaye sun fi natsuwa a raba ajin maza da na mata, a samo malama mace ta riƙe na matan, wallahi ni mai goyon baya ne kuma zan taimaka a nemo ta, abin da ba na so shi ne a ce tunda akwai damuwa to matan su zauna a aji su jira maza su gama. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, karo na farko da aka sa birekin a babbar gasar, Ami Yuasa 'yar Japan ce ta ci zinare a ɓangaren mata, Philip Kim ɗan Kanada ya ci a na maza, kafin nan kuma an gwada shi a gasar matasa ta Buenos Aires a 2018. Ban kawo wannan don in yi wa kowa alƙawarin lambar zinare ba, ba a ma sa shi a gasar Los Angeles ta 2028 ba, kuma cikin ɗaruruwan yaran da suka bi ta hannuna 'yan ƙalilan ne suka ci gaba da rawa bayan sun girma. Na kawo shi ne don ku san abu ne mai ƙa'ida da alƙalai da horo, ba tsalle-tsallen banza ba ne.

Yanzu bari in juyo kan namu ɓangaren, don ba zan zo ina kare ajin ba in ɓoye inda ake ɓata shi. Akwai masu kiran kansu malaman hip-hop da ba abin da suke yi sai su kwaso rawar da ke tashe a waya a wannan satin su juye wa yara ita yadda take, da waƙarta da girgizarta da komai, ba ɗumama jiki ba tushe ba tarihi, in ka tambaye su waye Kool Herc sai su tsaya kallonka. Irin waɗannan su suka ja mana baƙin jini, kuma in kun kori irinsu ba zan ce uffan ba. Amma ku ma akwai naku, domin sau da yawa makaranta ce ke neman wanda ya fi araha, a ɗauko saurayi don kawai an ga ya iya juyi a wani biki, ba a tambayi inda ya koya ba ba a bincika halinsa ba ba a tambaye shi ko ya san abin da zai yi in yaro ya gurɗe ba, a miƙa masa yara 50 a rufe ƙofa a tafi. Iya rawa daban iya koyar da yaro daban. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, a wuyan hannunsa akwai wurin da ƙashi ke tsiro wanda in aka yi ta ɗora masa nauyi ba tsari zai iya samun illa, shi ya sa ba na barin ƙananan yara su yi juyi a kan kai ko kaɗan duk nacin da za su yi min, kuma suna yi kullum. Manya ma da suka shekara suna yinsa akwai waɗanda gashin tsakiyar kansu ya zube har wurin ya yi tudu, likitoci a Denmark sun ba da rahoton wanda sai da aka yi wa tiyata a 2024.

Abin da ya fi ci min rai a shekarun nan shi ne maganar fili. A wata makaranta da na koyar, an wayi gari an cika zauren da kujerun taro aka ce mu koma baranda na sati biyu, sati biyun nan ya zama zango guda, barandar kuma siminti ce mai kaushi. Na rage abin da nake koyarwa na hana sauka ƙasa, amma yara yara ne, ina juya baya wata yarinya ta gwada abin da ta saba yi a kan katako hannunta ya goce ta faɗi a kan wuyan hannu. Allah ya taƙaita targaɗe ne ba karaya ba, amma ni na riƙe hannun nan yana kumbura tana kuka tana ce min kada in gaya wa babanta don zai hana ta zuwa. Na gaya masa mana, dole ne. Washegari abin da aka rubuta a ofis shi ne rawa na da hatsari, ba wanda ya rubuta cewa kujeru ne suka kore mu daga inda ya dace. Don haka ina roƙonku, in za ku bar ajin to ku bar shi da filinsa, daɓe mai santsi wanda ba ya zamewa, in da hali na katako, da 'yan katifu ko guda huɗu ne, da ruwan sha a kusa, da akwatin taimakon gaggawa wanda akwai kaya a cikinsa.

Sannan lokaci. Sau biyu a sati, awa ɗaya ko da ɗan ɗori, daga farkon zango har ƙarshensa, kuma yara kada su wuce 20 a hannun malami ɗaya don fiye da haka ido ba ya kaiwa. Ku daina ɗauke mana yara duk ranar da aka ga dama, musamman ku daina hana yaro zuwa rawa a matsayin horo don ya yi surutu a aji ko bai yi aikin gida ba, yaran da ake yi wa wannan horon galibi su ne waɗanda nan ne kaɗai wurin da ake yaba musu a duk yinin, in ka ƙwace shi me ya rage da zai sa ya so zuwa makarantar gobe? Kuma don Allah a daina tuna da mu sai saura sati uku bikin ƙarshen shekara, a ce a haɗa wani abu mai kyau manyan baƙi za su zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke faruwa shi ne dole in zaɓi yara takwas da suka fi iyawa in sa su a gaba in yi ta maimaita musu abu ɗaya, sauran su zauna a gefe suna kallo, wato daidai abin da ajin ya zo ya gyara shi muke komawa yi.

Ni ma ga abin da na ɗauka a kaina, kuma ina ganin ya kamata ku nema daga duk wanda zai koyar a makarantunku. A farkon kowane zango zan kawo muku jerin duk kiɗan da zan yi amfani da shi ku saurara, wanda bai kwanta muku ba ku soke ba sai kun ba ni dalili ba. Ƙofar aji a buɗe take koyaushe kuma ina so a sami wani babba na biyu a ciki, malami ko ɗaya daga cikin iyaye, wannan kariya ce ga yaran kuma kariya ce gare ni. Ba a ɗaukar yaro bidiyo a ajina, in ma za a ɗauka don wani dalili sai da rubutaccen izinin iyayensa kuma ba za a sa a intanet ba, don na ga yadda wasu ke tallata kansu da fuskokin 'ya'yan mutane kuma abin ba ya min daɗi ko kaɗan. Sifika ba za ta yi ƙarar da sai na ɗaga murya kafin yaro ya ji ni ba, kunnen yaro amana ne. Ku bincika ni kamar yadda kuke bincika malamin kimiyya, ku nemi shaidar waɗanda na yi aiki da su, sannan in kun gamsu ku biya ni a kan lokaci kamar yadda kuke biyan sa, domin malamin da ke bin bashin wata uku ba zai daɗe ba kuma duk canjin malami yara ne ke komawa farko.

Wani daga cikinku ya ce min ai fasaha ƙari ce, in an ƙoshi da karatu sai a yi. Ranka ya daɗe, yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 31, ta lissafa hutu da wasa da shiga harkar fasaha a cikin haƙƙoƙin yaro tare da sauran, kuma kusan duk ƙasashen duniya sun amince da ita. Amma ni ko ba takarda, na ga yaran da iyayensu ke iya biya musu darasin fiyano ko ninƙaya a waje, su in an rufe shirin makaranta ba abin da suka rasa, direba zai kai su wani wurin. Waɗanda za su rasa su ne irin yaron can mai in'ina da mahaifiyarsa ke tashi aiki da magariba, shi ajin nan ne kaɗai rabonsa.

Abin da nake roƙo a wannan zaman naku ƙarami ne, ku ɗage yanke hukunci har sai aƙalla mutum uku daga cikinku sun zauna a aji daga farko har ƙarshe, kuma ina so a cikin ukun a sa wanda ya fi kowa adawa da mu. Muna haɗuwa Talata da Alhamis da ƙarfe uku da rabi. Kada ku sanar da ni ranar da za ku zo don kada a ce na shirya, akwai benci a jikin bango kusa da ƙofa nan iyaye ke zama, ku zauna ku saurari abin da ke fitowa daga sifika ku duba kayan da ke jikin yaran, kuma ku daure ku kai minti 15 ɗin ƙarshe da ake yin da'ira. In kun tashi ku tambayi yaran da kanku ni zan fita waje in ba ku wuri.

Na gode da haƙurin karantawa, Allah ya ƙara girma ya raya mana zuri'a.

Naku,
malamin rawa a shirin bayan tashi daga makaranta